Kama Da Wane Ba Ta Wane: Kalmomin Turanci Masu Haruffa Iri Ɗaya

Makonni biyu da suka wuce wani ɗalibi daga Shinkafi ya aiko mini da saƙo ta waya. Ya ce ya gama sakandare bara, ya zauna jarrabawar JAMB makinsa bai kai ba, yanzu kuma yana shirin sake gwadawa. Ya haɗo mini da hoton wasu takardu huɗu da wani abokinsa ya ba shi. An jera kalmomin Turanci a kansu rukuni-rukuni, kowane rukuni da haruffan da kalmominsa suka yi tarayya a ciki, ga ma'anar kowace kalma a gefenta. Tambayarsa gajeriya ce: "Malam, in na haddace waɗannan duka, zan ci Turanci?" Na yi masa alkawarin zan amsa a wannan fili, domin na san ba shi kaɗai ke ɗauke da wannan tambaya ba.

Amsata a taƙaice ita ce takardun nan suna da amfani, amma hadda kaɗai ba za ta kai shi inda yake so ba. Wanda ya jera kalmomin ya cakuɗa abubuwa biyu da ya kamata a raba. Akwai kalmomin da suka haɗa haruffa saboda tushensu ɗaya, wato dangin juna ne. Akwai kuma waɗanda kama ce kurum ta haɗa su, babu wata alaƙa tsakaninsu. Ɗalibin da ya iya bambance waɗannan biyu ya samu mabuɗin ɗaruruwan kalmomi, wanda kuwa ya kasa zai riƙa faɗawa rami yana tsammanin bisa hanya yake.

Kafin in shiga bayani, ya kamata mu tuna dalilin da ya sa wannan magana ta fi ƙarfin wasan kalmomi a wurinmu. Ba a shiga jami'a a ƙasar nan sai da kiredit a Turanci. A jarrabawar JAMB kuwa, tambayoyi 60 daga cikin 180 na Turanci ne, kuma wajibi ne a kan kowa, ko likitanci mutum zai karanta ko Larabci. Yaranmu na Zurmi da Shinkafi da Ƙauran Namoda suna zama wannan jarrabawa rana ɗaya da yaran Legas da Inugu, alhali kowa ya san halin da karatu ya shiga a yankinmu saboda rashin tsaro. A 2021 an rufe makarantun Jihar Zamfara, aka katse layukan waya, aka dakatar da kasuwannin mako. Akwai ƙauyukan da har yau malami ba ya iya kwana a cikinsu. Yaron da ya tashi cikin wannan yanayi lokacinsa kaɗan ne, littattafansa ma kaɗan ne, don haka yana buƙatar dabarar da za ta ba shi kalmomi goma da wahalar koyon guda ɗaya.

Ni a Ƙauran Namoda na fara cin karo da wannan dabara, kuma tashar jirgin ƙasa ce sanadi. Layin dogon da ya taso daga Zariya ya biyo ta Funtuwa da Gusau ya iso Ƙaura a 1929, a nan kuma ya tsaya, bai ƙara gaba ba. Kakanninmu sun ga yadda ake lodin gyaɗa da auduga a wannan tasha, mu kuma mun tashi muna wasa a gefen dogon. Wata rana muna aji biyu na ƙaramar sakandare, malaminmu na Turanci, Allah Ya jiƙansa, ya shigo ya rubuta "terminus" a allo, ya ce garinmu ke nan, wato wurin da layin jirgi ya ƙare. Sai ya ja layi a ƙarƙashin haruffa huɗu na farko, ya juyo ya ce, "To, wa zai hwaɗa mani inda ya taɓa ganin waɗanga haruhwa?" Wani ya ce "term", zangon karatu. Malam ya ce daidai ne, zango lokaci ne da aka yi wa iyaka. Wata ta ce "terminal examination". Ya ce ita ce jarrabawar da ake yi a bakin iyakar zango. Daga nan shi da kansa ya ƙaro "terminate", a kawo ƙarshen abu, kamar yadda ake sallamar ma'aikaci daga aiki. Da "determine", a yanke magana a tsayar mata da iyaka. Da "exterminate", wadda asalinta a kore abu bayan iyaka, daga baya ta koma a hallaka shi ƙurmus. Da "interminable", abin da ya ƙi ƙarewa. Ya bayyana mana cewa duka daga kalmar Latin guda suka fito, "terminus", wadda ke nufin iyaka, irin dutsen da ake kafawa tsakanin gona da gona. Shekaru bayan haka da na je Jos na ji ana cewa Taminus, ban buƙaci kowa ya gaya mini cewa can ma jirgi ya taɓa yin iyaka ba.

A ƙarshen darasin sai malam ya rubuta "termite", ya tambaye mu iyakar mece ce wannan. Muka yi ta kame-kame, wani ya ce ƙaramar iyaka, wani ya ce mai gadin iyaka. Ya bar mu muka gaji, sannan ya yi dariya ya ce gara ce, kuma babu abin da ya haɗa ta da iyaka, daga wata kalmar Latin dabam ta fito mai nufin tsutsar da ke cin itace. Ya ce mu riƙe wannan, kama da wane ba ta wane. A cikin minti arba'in ya ba mu dabarar da kuma gargaɗinta, kuma yau fiye da shekara 30 ban ga abin da zan ƙara a kai ba sai misalai.

Dalilin da ya sa dabarar ke aiki yana cikin tarihin harshen. Asalin Turanci ɗan'uwan Jamusanci ne. A 1066 Normawa masu magana da Faransanci suka ci Ingila da yaƙi, harshensu ya zama na fada da kotu na tsawon ƙarnoni, Latin kuma ya kasance harshen coci da makaranta. Daga baya masana kimiyya suka riƙa ƙera sababbin kalmomi da tubalan Girkanci. Sakamakon haka, fiye da rabin kalmomin da ke cikin ƙamusun Turanci daga Latin da Faransanci suka zo, kuma su ne suka cika littattafan makaranta da takardun ofis da tambayoyin jarrabawa. Irin waɗannan kalmomi a harhaɗe suke, akwai ɗafa-goshi, akwai saiwa, akwai ɗafa-ƙeya, wanda ya san gaɓoɓin yana iya kwance su ya ga abin da ke ciki.

Wannan ba baƙon ilimi ba ne ga ɗan ƙasar Hausa. Duk wanda ya zauna gaban malamin zaure ya ɗan taɓa sarfu ya san cewa haruffa uku na Larabci kan haifi zuriya guda. Daga ha da kaf da mim muka samu hukunci da hukuma da hikima da hakimi. Daga ƙaf da ra da hamza muka samu karatu da ƙira'a da Alƙur'ani, muka kuma gina karanta da makaranta a kai da kayan aikinmu na Hausa. Haka nan yaron goye ma ya san cewa "ma" a farkon kalma kan nuna wuri ko mai aiki: maƙera da maƙeri, mahauta da mahauci, masaƙa da masaƙi. Amma babu Bahaushen da zai ce mage mai aikin "ge" ce, ko madara wurin da ake dara. Ashe dabarar da gargaɗin duka muna da su a gida. Abin da ya rage shi ne malamin Turanci ya tuna wa ɗalibi cewa abin da ya riga ya sani a harshensa zai yi masa aiki a wancan.

Bari mu ɗauki rukuni na farko a takardun ɗalibin nan, kalmomi masu "port". Saiwar daga Latin take, ma'anarta ɗauka. "Porter" ɗan dako ne. "Portable" abin da ake iya ɗauka a hannu. "Transport" ɗaukar kaya ko mutane a ƙetara da su wani wuri, aikin da motocin da ke cika kasuwar Shinkafi ran Alhamis suke yi. "Import" a ɗauko a shigo da shi, "export" a ɗauka a fitar, "deport" a ɗauke mutum a fitar da shi daga ƙasa, "report" a ɗauko labari a dawo da shi, "support" a tallabe daga ƙasa. Kalmomi takwas ke nan a kan ma'ana ɗaya. Amma mai takardun ya saka "portrait" da "portion" a cikinsu, alhali ta farko hoton mutum ce da aka zana, ta biyu kuma kaso ce ko rabo, babu wadda ta fito daga ɗauka.

Rukuni na biyu ya ƙunshi kalmar da muka ara muka mayar tasha, wato "station". Saiwarta tsayuwa ce, tasha kuwa inda mota ko jirgi ke tsayawa. Danginta su ne "statue", gunki ko mutum-mutumin da ke tsaye, da "status", matsayi, da "stable", abin da ya tsaya daram. A nan ne ake samun tagwayen da suka daɗe suna kayar da ɗalibai, "stationary" da "stationery". Ta farko tana nufin abin da ke tsaye ba ya motsi, ta biyu kayan rubutu, su takarda da biro da ambulan. Abin mamaki, su biyun dangi ne. A Ingila ta da yawancin 'yan kasuwa yawo suke yi da hajarsu, amma masu sayar da littattafai a kusa da jami'o'i suna da rumfa tsayayya, sai aka kira irin wannan ɗan kasuwa "stationer", kayansa kuma suka ɗauki sunansa. Wanda ya san wannan labari zai tuna cewa mai "er" ita ce ta mai rumfa.

Na uku yana rubuce a ƙofar babbar makarantar garinmu, Kwalejin Kimiyya da Fasaha ta Tarayya da aka kafa a Ƙauran Namoda a 1983, wadda kowa ke kira Foli. "Poly" a Girkanci na nufin da yawa, "technic" kuma daga kalmar sana'a ko fasaha, don haka "polytechnic" makarantar sana'o'i da yawa ce. Daga nan ɗalibi zai gane "polygamy", aure fiye da ɗaya, da "polygon", siffa mai kusurwoyi da yawa, da "polyglot", mai jin harsuna da yawa. To amma a ƙarƙashinsu an jera "police" da "politics" da "polio" da "polish", don kawai sun fara da haruffa iri ɗaya. Biyun farko daga wata kalmar Girkanci suke mai nufin birni, ɗaya tsaron birni, ɗaya sha'anin mulkinsa. "Polio", cutar shan-inna, daga kalmar Girkanci mai nufin ruwan toka take, saboda ɓangaren lakar gadon baya da cutar ke kamawa launin toka ne. "Polish" kuwa daga Latin take, gogewa ce har abu ya yi sheƙi. Gida huɗu ke nan aka tara a ɗaki ɗaya.

Wani zai ce ai duk wannan maganar jarrabawa ce, in an faɗi bana a sake baɗi. Bari in kawo inda kuskuren ya wuce maki. Shekarun baya na kai ziyara wurin dangin mahaifiyata a wani ƙauye na ƙasar Zurmi, na tarar da wani ƙanena, wanda ya yi sakandare har ana kawo masa wasiƙa ya karanta, ya hana matarsa zuwa awon ciki. Da na tambaye shi dalili sai ya ja ni gefe ya ce, "Yaya, ni fa na karanta abin da suka rubuta a ƙofar ɗakin. Kai ma ka san 'anti' yaƙi da abu ne, 'natal' kuma haihuwa. Yaƙi da haihuwa suke yi, sun ɗauka ba mu jin Turanci." Na ce ya rubuta mini kalmar yadda ya gan ta. Ya rubuta "antenatal" daidai, harafi bai ɓata ba. Na nuna masa cewa harafi na huɗu "e" ne. "Anti" ta Girkanci ita ce kishiya, kamar a "antimalarial", maganin zazzaɓin cizon sauro. "Ante" ta Latin kuwa tana nufin kafin, ita ce ma "a" ɗin da ke cikin "a.m." na agogo, wato kafin rana ta take tsaka. Abin da aka rubuta a ƙofar shi ne kulawar kafin haihuwa. Ya yi shiru, can ya ce wallahi shekara biyu yana gaya wa abokansa haka. Allah Ya sa matar ta sauka lafiya, amma na daɗe ina tunanin matan abokan nan nasa. Ƙaramin sani ƙuƙumi ne, in ji Hausawa, kuma wanda ya ɗan taɓa boko a ƙauye maganarsa tana da nauyin da shi kansa bai sani ba.

Irin wannan tarko yana nan a "hyper" da "hypo", waɗanda ɗaliban kiwon lafiya da yaran da ke tsaron kemis ke gani kullum. Ta farko sama ce ko wuce kima, ta biyu ƙasa ce ko gazawa. "Hypertension" hawan jini, "hypotension" faɗuwarsa. "Hyperglycaemia" sukari ya yi yawa a jini, "hypoglycaemia" ya yi ƙasa. Mai ciwon sukarin da nasa ya faɗi abu mai zaƙi yake buƙata nan take, wanda nasa ya hau kuwa zaƙin ƙara masa ciwo zai yi. Haruffa biyu ne suka raba su a takarda.

Haka nan "in" ta farkon kalma. An koya mana cewa tana kore ma'ana: "correct" da "incorrect", "complete" da "incomplete", "visible" da "invisible". Gaskiya ne, amma akwai wata "in" ɗin dabam mai nufin ciki, kamar a "income" da "inject". Na taɓa tambayar ɗalibaina 'yan aji ɗaya a jami'a ma'anar abin da ake rubutawa a jikin tankar mai, "highly inflammable". Da yawansu suka ce ba ya kamawa da wuta. Ma'anar kuwa yana saurin kamawa, domin kalmar daga "inflame" take, a cinna wuta. Wannan ruɗani ya kama Turawan kansu, shi ya sa tun wajajen shekarun 1920 masu yaƙi da gobara a Amurka suka matsa a riƙa rubuta "flammable". Kalmomin biyu ma'anarsu ɗaya, kishiyarsu ita ce "non-flammable". A ƙara da "invaluable", wadda ɗalibi zai fassara da marar daraja, alhali tana nufin abin da darajarsa ta wuce a yi masa kuɗi.

Akwai wani rukunin da ba ruwansa da saiwa, kalmomin da haruffansu ɗaya ne amma an sauya musu wurin zama. "Form" da "from", "quiet" da "quite", "angel" da "angle", "trial" da "trail", "sacred" da "scared". "Dairy" wurin sarrafa nono ne, "diary" kuma littafin da mutum ke rubuta al'amuransa na kullum. A takardun neman aiki na sha ganin an rubuta "martial status" a maimakon "marital status". Wadda ake nufi daga kalmar Latin mai nufin miji take, wato ko mutum yana da aure. Wadda aka rubuta kuwa daga sunan gunkin yaƙi na Rumawa take, ita ce a "court martial", kotun soja. Na'ura ba za ta ja wa mutum jan layi a nan ba, domin kowacce kalma ce ingantacciya. Maganin wannan rukuni shi ne karatu a tsanake da furta kalma gaɓa-gaɓa. Mu Hausawa muna da ƙarin nauyi, domin harshenmu bai raba "p" da "f" ba, sai ka ga "defend" ta zama "depend", "supper" ta zama "suffer", a baki da kuma a takarda.

Rukuni na ƙarshe a takardun shi ne mai "ough", kuma shi ya fi tayar wa ɗalibin nan da hankali. "Plough" garma, "drought" fari, "trough" kwamin shayar da dabbobi, "dough" kwaɓin fulawa, "cough" tari, "through" ta cikin, "though" ko da yake, "enough" ya isa. Haruffa huɗu iri ɗaya, furuci kala-kala, ma'ana kuma kowacce da inda ta nufa. Dalili shi ne a tsohon Turanci "gh" sauti ne da ake furtawa a maƙogwaro, kusa da harafin "kha" na Larabci. William Caxton ya kafa maɗaba'a a Ingila a 1476, rubutu ya fara daskarewa a takarda, baki kuwa ya ci gaba da sauyawa. A wasu kalmomin sautin ya ɓace, a wasu ya koma "f", rubutun ya tsaya inda yake. A nan babu wata saiwa da za a tono, sai dai a koyi kowace kalma ita kaɗai a cikin jimla.

Kada kuma mu yi saurin zagin Turanci da rashin tsari, domin namu harshen ma yana yi wa mai koyo haka. Fari launi ne, fari rashin ruwan sama ne, fari kuma su ne masu cinye amfanin gona, ga ɗan fari a gefe. Gari na zama da gari na tuwo rubutunsu ɗaya, haka kukan yaro da kukar miya. Baki da baƙi lanƙwasa ɗaya ce ta raba su. Mu ba mu ruɗewa saboda jimla ce ke faɗa mana wanda ake nufi. Wannan shi ne abin da takardun hadda ba za su iya ba ɗalibi ba, domin sun ciro kalmomin daga jimla sun shanya su su kaɗai.

To, ɗana na Shinkafi, ga abin da nake ba ka shawara, kai da duk mai irin halinka. Ka sayi littafin rubutu mai ganye 40, ka ware shafi guda ga kowace saiwa. A saman shafi ka rubuta saiwar da ma'anarta da Hausa. A ƙarƙashi ka jera danginta, kowacce da jimlar da kai ka ƙirƙira a kan abin da ka sani, gonarku ko kasuwa ko makaranta. A gindin shafin ka ja layi ka ajiye masu kama waɗanda ba dangi ba, irin su gara a shafin iyaka. In ka haɗu da sabuwar kalma ka yi mata tambaya uku: in na cire haruffan da na sani, abin da ya rage yana da ma'ana? Ma'anar da na yi hasashe ta zauna a cikin wannan jimla? Me ƙamus ya ce? Kada ka tsallake ta ukun, domin hasashe mataki ne na farko kurum, kuma masu tsara tambayoyin jarrabawa da gangan suke saka kalma mai kama da amsa a cikin zaɓi, don su kama mai gaggawa. In ka ɗauki saiwa biyar a mako, kowacce da kalmomi shida, ka samu 30. A zango guda na mako 12 ka samu 360, kuma ba irin waɗanda ke zubewa washegarin jarrabawa ba. Ka fara da waɗanda suka fi yawo a littattafanku: "spect" duba, "dict" faɗa, "scrib" rubuta, "ject" jefa, "tract" ja, "vis" gani, "bio" rai, "geo" ƙasa, "tele" nesa.

Wajibi ne in faɗi iyakar dabarar, kada in yi maka alkawarin da ba zai cika ba. Ba ta aiki sosai a kan ƙananan kalmomin Turanci na asali, irin su "get" da "put" da "take", waɗanda ma'anarsu ke juyawa da zarar an liƙa musu "up" ko "off" ko "in". Ba za ta gaya maka cewa "understand" fahimta ce ba, in ka kwance ta tsayuwa a ƙarƙashi za ka samu. Waɗannan sai da yawan karatu, ko tsohuwar jarida ce, ko littafin labari, ko littafin kimiyyar ƙanenka. Shafi biyu a kullum, da fensir a hannu, sun fi takardun hadda huɗu.

Ga 'yan'uwana malamai kuwa, musamman na sakandare a waɗannan ƙananan hukumomi uku, roƙona shi ne mu daina jin kunyar yin bayani da Hausa in ta kama. Minti biyar na kwatanta "port" da ha da kaf da mim sun fi awa guda ana maimaita ma'anar da ba a fahimta ba. Tun 1934 Bargery ya fitar da ƙamusunsa na Hausa da Turanci, wasu kuma sun biyo baya, amma makarantu nawa ne a yankinmu ɗalibi zai miƙa hannu ya ɗauko ƙamus ko da guda? Ƙungiyoyin tsofaffin ɗalibai da masu hannu da shuni na garuruwan nan za su iya sayen ƙamus biyar-biyar ga kowace makaranta da kuɗin da bai kai na walimar rana ɗaya ba. Ɗaliban Foli da na jami'a da ke dawowa gida hutu su ma suna iya tara ƙannensu a zaure da yamma su yi shafi ɗaya tare.

Na tura wa ɗalibin nan saiwoyi biyar na makon farko, na ce ya dawo mini da jimlolinsa ran Juma'a, tare da kalma ɗaya mai kama wadda ba dangi ba a kowane shafi. Jiya ya aiko da na "port", ya kuma tambaye ni ko "important" dangi ce ko baƙuwa. Na ce ya duba ƙamus tukuna. Mai karatu ma ya duba, za mu buɗe filin mako mai zuwa da amsar, in Allah Ya kai mu. Allah Ya ba yaranmu sa'a, Ya kuma dawo mana da zaman lafiya a yankinmu.